Me ya sa faɗan Chanis na da ya fi na yanzu shiga rai?

Baban Hanifa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga masu kallon Chanis ce. Labarin kusan ɗaya ne: a kashe wa akta masta ko uba, ya tafi ya koyo faɗa, ya dawo ya bi yaran bos ɗaya bayan ɗaya, sannan a yi karon ƙarshe. Tun ba a fara ba na san yadda za ta kaya, amma har gobe in na kunna na Bruce Lee ko Jackie Chan ba na iya tashi. Na yanzu kuwa da ake rusa gari da kwamfuta, ba sa riƙe ni ko kaɗan. Ƙanena ya ce kewar ƙuruciya ce kawai. Ni ban yarda ba. Me kuka gani?

Na Fagge:
Wa alaikumus salam. Ba kewa ba ce, yallaɓai. Ka lura da kyamara. A finafinan Hong Kong na da, tana ja baya ne ka ga mutum daga kai har ƙafa, a yi naushi, a kare, a kauce, a mayar, duk ba a yanke hoton ba. Yanzu kowane naushi sai an yanke, ana girgiza kyamara don kar a gane jarumin bai iya ba.

Su waɗancan sun iya. Jackie Chan yana ɗan shekara bakwai aka kai shi makarantar wasan gargajiya, ya yi kusan shekara goma yana shan horo tare da Sammo Hung. A Police Story na 1985 da kansa ya sulalo ta jikin dogon ƙarfe mai cike da ƙwayayen lantarki a kunne, har tafin hannunsa ya ƙone. Shi ya sa nake jiran ƙarshen fim ɗinsa, inda ake nuna wuraren da ya faɗi da gaske ana ɗaukarsa.

Maman Sadik:
Ni ba faɗan ne ya fi burge ni ba, koyon ne. A 36th Chamber of Shaolin na 1978, Gordon Liu yana ɗaukar bokitan ruwa hannu a miƙe, an ɗaura masa wuƙaƙe a damtse, da ya sassauta sai su soke shi a haƙarƙari. Daga nan a ba shi doguwar gora mai nauyi a ƙarshenta ya riƙa buga ƙararrawa har wuyan hannunsa ya yi ƙwari. Ka ga wahalar da idonka, to ranar da ya kayar da azzalumi sai ka ji har da kai aka sha ta. Wannan nake bari yarana su kalla. Masu yawan jini dai ban yarda ba.

Ɗan Gangara:
Yaya Na Fagge, ka yi gaskiya, amma kar mu zuzuta na da fiye da kima. Su ma suna ɗaura waya a ɗaga mutum sama, ana ƙara wa hoto sauri, kuma ƙarar naushin nan daga baya ake sa ta. Masu yi da jikinsu kuma ba su ƙare ba, wuri suka sauya. Ong-Bak na Tailan ya fito a 2003, Tony Jaa yana kai gwiwa da gwiwar hannu ba waya. A 2011 Indunusiya ta fitar da The Raid, Iko Uwais da faɗansu na silat. Wannan kam Maman Sadik, kar yara su gani.

Baban Hanifa:
Na gode ƙwarai. Maganar kyamarar nan ban taɓa lura da ita ba, zan zaunar da ƙanena mu ƙirga yanke-yanken tare. Ɗan Gangara, na Tailan ɗin akwai fassarar Hausa, ko sai dai a kalle shi haka?