Abin da aka ce kan ciwon ƙwaƙwalwa ga samari da ƴanmata

Jama'a, na tattaro abin da aka tattauna, ga shi a taƙaice.

1. An yarda cewa abin yana farawa da wuri. An kawo ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya: ɗaya cikin 7 na yara masu shekara 10 zuwa 19 na fama da irin wannan ciwo.

2. Alamomin da aka fi ambata: yaro ya daina fita fada da abokai, barci da cin abinci su rikice, makinsa a lakwal su faɗi, ya riƙa kuka ko fushi ba dalili. Ma'aikatan lafiya sun ce baƙin cikin da ya wuce mako 2 ba "halin balaga" ba ne. In ya fara jin muryoyi ko ya ambaci kashe kansa, a kai shi asibiti ranar.

3. A duba jiki tukuna. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da farfaɗiya suna rikita hankali. Tramol da wiwi ma haka, kuma a Maradi mun san su.

4. Nan aka rabu. Wasu sun ce iska ce, a fara da ruƙiyya. Wasu sun ce likita tukuna. Mafi yawa sun ce a haɗa addu'a da asibiti. Ni dai abin da ya fi sosa min rai shi ne ɗaure yaro da mari ko dukansa, kuma babu wanda ya goyi bayan hakan.

5. Wata uwa ta roƙi a daina kiran su mahaukata, domin kunya ce ke sa iyaye ɓoye ƴarsu har lokacin aure.