Neman suna: me za mu kira furen iris?

Malamin Gona, Ringim: Salamu alaikum. Ranar Litinin zan koyar da furannin ƙasashen sanyi, na maƙale a kan iris. Na cikin takardar darasin ɗan asalin Amurka ta Arewa ne: shuɗi mai ɗigon rawaya, yana son dausayi, dusar ƙanƙara ba ta kashe shi. Saiwarsa a kwance take tafiya kamar citta, ita ake rabawa a dasa, kuma tana da guba. Yara sai sun ji suna. A taimaka.

Ɗan Haɗeja: Ganyen nan ai kacalla ce sak. Kacallar Turawa.

Hajiya Malama: A'a ƙanena. Kacalla ta toshe mana koguna, ka ba fure sunanta yara su tsane shi? Ni "furen bakan gizo" na zaɓa. A harshen Girka ma'anar sunan ke nan, saboda yawan launukansa.

Baba Na Ƙauye: Ku yaran nan ba ku shiga daji. Muna da rumana, kuma dangi ɗaya suke. Dalziel, wani Bature masanin tsirrai, ya rubuta sunanta tun 1916. A ce rumanar fadama, magana ta ƙare.

Malamin Gona: Allah ya ƙara girma, Baba. Sai dai rumana ƙwaya take yi a ƙasa, wannan kuwa jijiya ce mai yaɗo. Kada yaro ya haƙo wani ya zaci wani.

Ɗan Haɗeja: To a rubuta "airis" mana, tumatir ma aro ne.

Baba Na Ƙauye: Ka ji ko! Kullum aro. Mutanen Kebek a Kanada sun mai da furen nan tambarinsu a 1999 don nasu ne, mu kuwa namu muke jin kunya. In aron ne dole, ga sausan na Larabci.

Hajiya Malama: Baba, shi ma ai aro ne.

Baba Na Ƙauye: Wanda kakanninmu suka yi karatu da shi ba baƙo ba ne.

Malamin Gona: Lokaci ya ƙure. Zan rubuta "furen bakan gizo" a allo, in gaya musu ɗan'uwan rumana ne.

Baba Na Ƙauye: Shuɗi zalla ka kira bakan gizo? To, yi darasinka. Amma ka ciro rumana ka kai musu aji su gani da ido.