Ɗan sanda ya ba ni tikitin gudu a Houston, kwas ɗin tuƙi zai iya share shi?

Baban Amira: Assalamu alaikum jama'a. Ranar Talata ina sauri in ɗauko yara, ɗan sanda ya tsayar da ni a kan babbar hanyar I-45. Ya rubuta mil 78 a wurin da doka ta ce 60. Laifina ne, ban musa ba. Damuwata inshora, don Uber nake ɗan taɓawa da dare. An ce idan mutum ya yi kwas ɗin tuƙin kariya, kotu tana soke tikitin. To ni na yi irin wannan kwas bara a watan Fabrairu, ga shi yanzu muna Afrilu. Zan sake samu? Kuma in fara biyan tarar ne tukuna?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka kuskura ka biya tarar. Biyan ta amsa laifi ne, sai ya hau kan tarihin tuƙinka, shi ke nan an rufe magana. Duba ƙasan tikitin, akwai ranar da aka ce ka bayyana. Kafin wannan ranar, ko a ranar, za ka nemi kotu ta ba ka izinin kwas ɗin. Kada ka yi shi da kanka kafin izini ya fito.

Maman Khalifa: Ni dai na ji sai bayan shekara biyu ake sakewa.

Malam Sani: A'a Hajiya, a Texas wata 12 ne. Kuma ana ƙirgawa daga ranar da ka kammala kwas na baya zuwa ranar da aka kama ka, ba ranar zuwa kotu ba. Fabrairun bara zuwa Afrilun bana wata 14, ya tsallake. Gudun ma ya tsallake, mil 18 ya ƙara. Wanda ya ƙara 25 ko fiye, ko ya kai mil 95, ba ya ciki. Haka wanda ya wuce motar 'yan makaranta tana tsaye tana sauke yara, ko aka kama shi a wurin gyaran hanya ma'aikata na nan. Sai dai tambaya ɗaya: lasisinka na Texas ne?

Baban Amira: Na Texas ne, Yaya. Inshora ma tana da rai.

Ɗan Zinder: Ka gode wa Allah ba lasisin manyan motoci ke gare ka ba. Mu masu CDL ba mu da wannan gata, ko da a ƙaramar motar gida aka kama mu ranar Lahadi. Ni nawa na sha shi haka nan.

Anti Bilki: Na yi nawa a bara, bari in gaya maka inda mutane ke faɗuwa. Ba kyauta ba ne. Kuɗin kotu dala 144 na biya, kwas ɗin kuma ba ya gaza dala 25. Awa 6 ne, a waya na yi shi ina tuyar ƙosai, amma ka tabbata TDLR, wato hukumar Texas mai ba makarantun tuƙi lasisi, ta amince da makarantar. Kwana 90 za a ba ka. Cikinsu za ka kai satifiket ɗin kwas, da tarihin tuƙinka daga DPS (hukumar da ke ba da lasisin tuƙi a Texas), wanda ake kira 3A, ba wani iri ba. Ni sai da saura kwana huɗu na tuna da 3A ɗin nan, cikina ya ɗuri ruwa. Ka fara da shi.

Malam Sani: Za su sa ka ce ka amsa laifi ko ba ka jayayya, kada gabanka ya faɗi. Takardu na cika ake soke shi.

Baban Amira: Allah ya saka da alheri. Ranar kotun 9 ga Mayu ce, gobe da safe zan leƙa. Anti Bilki, turo min sunan makarantar da kika yi ta akwatin sirri.