Wace kalma za mu ba "loss of control"?

Mai Shirin Dare: Assalamu alaikum malamai. Ƙarfe tara zan shiga situdiyo, shirin yau kan afil ne na masu laifin kisan kai a Ingila. Na cije a kan "loss of control", kariyar da dokar 2009 ta kawo. In an karɓe ta ba sakin mutum ake yi ba, laifin ne ke saukowa daga wanda ɗaurin rai da rai ya zama tilas a kansa zuwa wanda alƙali ke iya sassautawa. Na rubuta "ɓacin rai" na goge.

Inna Malama: Gara da ka goge, ɗana. Ɓacin rai ko mai shago ya hana ka canji ka yi shi. Sa "fita hayyaci".

Lauyan Zariya: A'a Hajiya, wannan zai kai mai sauraro ga taɓin hankali, shi kuwa kariyarsa daban. Ta taɓin hankalin ce Sally Challen, wata mata a Ingila da ta kashe mijinta, ta bi a 2019 da aka soke hukuncinta.

Ɗan Maraɗi: Ba "tsokana" ba ce kawai?

Lauyan Zariya: Tsokana ita ce tamu, sashe na 222 na Penal Code, dokar laifuka ta Arewacin Nijeriya, kuma sai ta zama mai tsanani, ta zo kwatsam. Su a Ingila sun soke ta tun Oktoban 2010. Yanzu ba sharaɗi ba ne abin ya zo nan take, kuma tsoron mummunan duka ma dalili ne, saboda matar da miji ya shekara yana jibga. Amma wanda ya zauna ya kitsa ramuwar gayya babu ruwansa da ita. Ni "kasa mallakar kai" zan ce.

Baban Adabi: Kasa mallakar kai? Turanci ne aka sa wa hula. Bahaushe doki ya sani: KUƁUCEWAR LINZAMI. Sannan kai yaro, mene ne "afil"? Ɗaukaka ƙara ta mutu ne?

Ɗan Maraɗi: Baba ya yi gaskiya, mu nan ba mu san afil ba.

Inna Malama: Ku da kuke ce wa lauya "aboka"?

Baban Adabi: Shekara da shekaru ina faɗa, 'yan rediyo ne suka lalata harshen nan. Linzami ya kuɓuce, doki ya yi gaba, mahayi na kai. Me ya fi wannan?

Lauyan Zariya: Ranka ya daɗe, hoton ya yi kyau, amma tsohuwa a ƙauye za ta ɗauka haɗarin hawan sallah ake labari.

Baban Adabi: Tsohuwar ta fi ka Hausa.

Mai Shirin Dare: Saura minti 20, don Allah. Zan ce "kasa mallakar kai", in bi shi da "wato zuciya ta ɗebi mutum". Afil na cire, Baba, ɗaukaka ƙara zan ce.

Baban Adabi: To, rabi ka gyara. Ni dai a ajina linzami zan koyar.