Musayar Waƙa: Ruwan Assop a Hawan Kibo

Baban Ummi:
Salamu alaikum. Jiya na taso da iyali daga Abuja zuwa Jos, muka ɗan tsaya a magangarar ruwan Assop, wajen Hawan Kibo, saura kilomita 60 da 'yan kai mu shiga Jos. Ga abin da ya zo mini. Amsa-amona "wa" ne, duk mai amsawa kada ya karya mini shi.

Bismillahi, da shi nake farawa,
Mai tsaga dutse ya fid da ruwa.

Mun bar Keffi da hantsi, ga Akwanga,
Daga nan hanya ta kama hauhawa.

Uwargida ta ce, "Malam, ka ɗan tsaya,
Ƙafar yara ta gaji da naɗewa."

Na kauce gefe, na kashe mota,
Ido bai gani ba, kunne na jiyowa.

Fari fat, kamar an shanya alawayyo,
Daga kan baƙin dutse yake zubowa.

Feshinsa ya jiƙa mini hula da gemu,
Sanyin Filato har ƙashi yake ratsawa.

Ummi ta ce, "Baba, wa ya buɗe famfon?
A rufe shi mana, kar ya yi ƙarewa."

Direban Dare:
Yallaɓai, ka ji daɗinka. Ni tirela nake ja, shekarata 11 a kan hanyar nan.

Ka ce ruwa fari, ni ban gan shi ba,
Idona na kan kwanar da ke tahowa.

Da siminti buhu 600 a bayana,
Wa ke kallon dutse a Kibo, ɗan'uwa?

Giya ta ɗaya, inji yana ta kuka,
Yaron mota da waigi yana biyowa.

In gangara ce, birki ya ɗau zafi,
Sai salati, har ƙasa ba tsayawa.

Gawar motocin da ke cikin kwazazzabo,
Su ne abin da nake iya tunawa.

Ƙarar ruwanka na taɓa ji da dare,
Na ɗauka tayata ce ke sacewa.

'Yar Kafanchan:
Haba Yaya, a kan wannan ɗan ruwan ka tara mu?

Ka zo Matsirga ka ga ikon Allah,
Assop jaririya ce, ba ta kai yayewa.

Daga Kafanchan ka nufi Madakiya,
Tun daga nesa rurinta kake jiyowa.

In Agusta ta yi, ruwan ya rine ja,
Kamar kunun kanwa ake kwararowa.

Baban Ummi:
Hajiya, ban musa ba, na san Matsirga,
Gurara ma na je, na sha kallon faɗowa.

Farin Ruwa na Wamba ya fi su tsawo,
Sai ka ɗaga kai hula na zamewa.

Amma su sai ka yi niyya, ka ɗaura guzuri,
Assop a bakin titi take tarbar kowa.

Ban nufe ta ba, ita ta tare ni,
Rabin awa, na koma kan tuƙawa.

Malam Na-Bukur:
Yaran nan kun tuna mini da ƙuruciya. Mahaifina haƙar kuza ce ta kawo shi Bukur daga Kano, a nan aka haife ni. Da ƙaramar Salla mukan cika akori-kura mu gangara can, mu wuni. Bara na koma da jikokina, abin da na tarar bai yi mini daɗi ba. Ku yi haƙuri da baitin tsoho.

Da can tsuntsu ne ke tarbar baƙo,
Yanzu leda ce a reshe take lilawa.

Mai shan lemo ya jefar da roba,
Ruwan ya ɗauka, yana ta juyawa.

Ɗana Baban Ummi, in za ka koma,
Riƙe hannun yarinya wajen takawa.

Dutsen wurin gansakuka ta lulluɓe shi,
Mai ɗaukar hoto shi ne ke sulɓewa.

In ka haye, ka dubi duwatsun Riyom,
Wani kan wani, sun ƙi yarda da faɗuwa.

Ka sayi dankalin turawa da kabeji,
Kar ka shiga Jos uwargida na hararowa.

'Yar Kafanchan:
Baba, a gafarce ni, robar lemo guda a cikinsu tawa ce. Na tuba.

Direban Dare:
To, kun ci ni da yaƙi. Ran Alhamis zan sauko daga Jos ba kaya.

Zan nemi fili in faka in sauka,
In ga abin nan da kuke ta yabawa.

In wanke fuska, in yi alwala,
In cika jarka don lagireto, in yi wucewa.

Amma in masu kaki sun ce na tare hanya,
Kai zan kira, Baban Ummi, ka zo fansowa.

Baban Ummi:
Zan zo. Ka dai ce wa yaron ya sa waigi kafin ka sauka.