Rumfar soso da kabewa a tsakar gida: yaya taku ta tsaya?

Mai tambaya, unguwar Zariya, Maraɗi:
Assalamu alaikum. Bara na shuka soso a gindin katanga, na yi masa rumfa da karan dawa da igiyar leda. Ya hau, ya yi fure, har 'ya'ya sun fara sauka. A watan takwas hadari ya taso daga gabas cikin dare, da safe na iske komai kwance cikin ruwa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Bana zan sake, ku ba ni abin da kuka gani da idonku.

Dattijo mai lambu, Jiratawa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kara ba ya zama dirka, wurinsa sama, shimfiɗa shi ake yi. Nemi dirka huɗu na bedi, wato dogon yaro, masu gwafa, kaurin damtse. Ramin ya kai kamu ɗaya da rabi. Kafin ka kafa, babbaka gindin kowace a wuta har ya yi baƙi, ka zuba toka a ramin, ka bi da tsakuwa, ka daddanna da taɓarya.

Rumfa biyu na rasa ina ɗora wa iska laifi, ashe gara ce. Itacen daga waje lafiya lau, ranar da na danna shi da yatsa sai ya burma, cikinsa jar ƙasa zalla. Tun daga nan duk sati nake duba gindin dirka, in na ga ta fara ginin nan nata na laka in kankare.

Wata uwa, Tibiri:
Baba ya faɗi gaskiya. Ni ɗanyun rassan zogale na kafa, biyu suka kama suka tsiro, gara ba ta dame su ba, ga ganyen kwaɗo a bakin madafa. Sai dai zogale ba shi da ƙarfi. Soso ya ɗauka, amma da na ɗora masa kabewa reshe guda ya tsage. Yanzu in kabewa ta kai kan jariri, tsohon gidan sauro nake yankawa in yi mata goyo, in rataye a jikin itacen da ya gitta.

Matashi, unguwar Ali Ɗan Sofo:
Yaya, rabu da igiyar leda, rana ke cinye ta, wata biyu ta koma gari. Waya ma na gwada lokacin bazara, zafinta ya ƙone 'yan hannuwan da soso ke kamawa da su. Igiyar kaba ta fi, ga ta nan a kasuwa ana kawowa daga Gulbin Kaba. Jiƙa ta tukuna sannan ka ɗaure. A kusurwa kuma robar tsohon tub ɗin babur nake sawa.

Manomi, Madarunfa:
Kada neman dirka ya kai ku ga sare gawo, ma'aikatan gandun daji ba sa wasa da shi, gonar ma tana bukatarsa. Mu da ke sassaben zamani, wato renon tohon itatuwa a cikin gona, rassan kalgo da sabara da muke ragewa sun ishe mu sandunan sama. Ka kuma yi danga, akuya ɗaya ta isa ta gama da shukar kafin ta kama hawa.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Baba, na samu bedi huɗu wurin maƙwabcina da ya yi wa bishiyarsa aski, sai dai ɗanyu ne. In jira su bushe, ko in babbaka su haka?

Dattijo mai lambu:
Ɓare bawon, ka jingine su a inuwa sati biyu. In ka shanya su a rana tsagewa za su yi. Ka dai kafa kafin ruwan shuka ya sauka.