Neman shawara: bayanin hoto a jarrabawar Turanci ta baka

Ƙanwarku daga Zariya: Assalamu alaikum. Ina shirin jarrabawar Duolingo don neman gurbin karatu a waje. Akwai inda ake nuna hoto, a ba mutum daƙiƙa 20 ya duba, sannan ya yi magana har zuwa daƙiƙa 90. Sunayen abubuwa ba sa ba ni wahala, amma da na zo faɗin inda kowanne yake sai harshena ya sarƙe tsakanin *in*, *on* da *at*. A taimaka don Allah.

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ba ke kaɗai ba ce, mu "a" ɗaya ke yi mana aikin ukun nan. Kada ki tsaya neman dalili, ki haddace su a dunƙule: *in the picture*, *in the middle*, *in the background*, amma *on the left*, *on the right*, sai *at the top* da *at the bottom*. Hagu da dama kuwa naki ne ke mai kallo, ba na mutumin da ke cikin hoton ba. Ki fara da jimla ɗaya kan wurin, kasuwa ce ko ɗakin girki, ki kama babban abin da ke gaba, sannan ki jingina sauran da shi: *next to her*, *behind him*, *between the two cars*. Abin da mutane ke yi kuma ki faɗe shi kamar yanzu yake faruwa: *a woman is sitting*.

Maman 'yan biyu: Malam ya yi bayani, amma ni ban ga amfanin bin hoto lungu-lungu ba. Wanda ya yi ta jera "hagu akwai kaza, dama akwai kaza" sai ka ce yana ƙirga kayan lefe. Uku ko huɗu sun isa. Sauran lokacin ki faɗi hasashenki: *it looks like*, *maybe they are*.

Ɗalibi a Malesiya: Anti, a kula da *in front of* da *opposite*. Na biyun sai abubuwa suna fuskantar juna, kamar mutum biyu da tebur a tsakaninsu.

Ƙanwarku daga Zariya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam, idan ban san sunan abu ba fa?

Malamin Turanci: Ki faɗi amfaninsa da inda yake, ki wuce. Kowane dare ki zaɓi hoto ɗaya a wayarki, ki naɗi muryarki, ki saurara.